Abin da Na Ce Bature Ya Ce

Yayana ya tafi Amurka wata biyar bayan ɗaurin aurensa. Da bizar ziyara ya tafi, ya ce shekara biyu zai yi ya haɗa jarin shago ya dawo Azare. Ya samu tasi yana tuƙawa a wani babban birni, bizar ta ƙare, ya ci gaba da zama. Shekaru ukun farko yana aiko da wasiƙa, wani lokaci da kaset da ya ɗauki muryarsa a ciki, yana gaida kowa har da mai ƙosan bakin layinmu. Bayan harin nan da ya rushe dogayen benaye, ya bugo waya sau ɗaya gidan maƙwabcinmu. Ya ce ya aske gemu, ya ce ana ta kama mutane a kan takardu, mu sa shi a addu'a. Daga wannan wayar sai shiru. Lambar da ya ba mu ta daina shiga, wasiƙu biyu da na aika kuma suka dawo mini yadda na liƙe su.

Matarsa tana gidanmu tare da Inna, mahaifiyarmu, don Baba ya riga ya rasu, ni kuma ina ɗakin mijina a wata unguwa, ina koyar da Turanci a sakandaren 'yan mata. 'Yar Bulkachuwa ce matar Yaya. Tun ranar da aka kawo ta ake ce mata Amarya, kuma da yake ba haihuwa, ba a samu sunan da ya ture wannan ba. Shekara bakwai Amarya ake kiranta. Ita ke daka, ita ke jan ruwa a rijiya, ita ke shafa wa Inna man zafi a gwiwa. Akwai wasa tsakaninmu irin na matar wa da ƙanwar miji. In na shigo sai ta ce, "Malama, an zo cin tuwon banza ke nan?" Ni kuma in ce mata tuwon gidan ubana ne, ita ce baƙuwa. Sai ta yi dariya ta ƙara mini miya.

Inna Bafulatanar Jama'are ce, Yaya kuma ɗan farinta ne. Wanda ya san alkunyar ɗan fari ya san sauran zancen. Tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Yayanku" take cewa, ko "wancan". Lokacin da wasiƙu ke zuwa ba ta zama a karanta da ita. Tsintsiya take ɗauka ta hau sharar ƙofar ɗakin da nake karantawa, wuri ɗaya take ta shara har in kai ƙarshe. Da shirun ya zo, ko sau ɗaya ba ta tambayi kowa ko an ji wani abu ba. Rama kawai take yi, zanen da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma sai ta zagaya da shi sau biyu. Wallahi halin nan yana ƙona mini rai. Mutum yana ciwo a gabanka, ya hana kansa kuka, ya hana ka lallashi.

A shekara ta huɗu da shirun, mahaifin Amarya ya zo daga Bulkachuwa. Manomi ne, dattijo mai kawaici, ya daɗe yana haɗiye maganar. Ya zauna a zaure, Inna na daga bayan ƙofa, ni ina tsakani. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Hajiya, ba raini ya kawo ni ba. Yarinyar nan ƙannenta biyu sun haihu, ita tana zaune. In aka kawar da amfanin gona bana ba labari, zan kai maganar gaban alƙali a sawwaƙe mata."

Inna ta ce, "Gaskiyarka, Malam."

Iyakar abin da ta ce ke nan, amma kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. A wurin Inna, ranar da aka raba auren nan, ranar aka yarda ɗanta ya mutu. A wurin Amarya kuwa, kowace damina ta wuce da wani abu nata ta wuce. Na tambaye ta me take so, ta ce duk abin da manya suka yanke. Na ce mata ni ba manya nake tambaya ba. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

A lokacin ne intanet ta fara shigowa Azare. Akwai wani kafe a hanyar Kano, ɗaki ɗaya da kwamfuta shida, da fanka mai ƙara, da farantin kama intanet a kan rufi, da janareta a baya wanda in ya tashi sai an ɗaga murya. Aikin makaranta ke kai ni, duba sakamakon ɗalibai. Mai kafen ba yaro ba ne. Shekara ashirin ya yi a gindin bishiyar maina a bakin kotu yana buga wa mutane takardun koke da tafireta, kafin ɗansa ya haɗa masa wannan sana'ar. Shi ne ya fara rubuta sanarwa da alli a allon ƙofarsa: rana kaza, ƙarfe kaza, za a yi hira da masani daga Amurka.

Wani ofishin yaɗa labarai na Amurkawa ne ke shiryawa. Za a kawo masani guda, yau a kan zaɓe, gobe a kan noma, jibi a kan kiɗa ko wasanni. Kai daga inda kake a duniya sai ka rubuta tambayarka a wani ɗan akwati ka aika. Akwai mai tacewa a can da ba a ganinsa, shi ke zaɓar wadda za a miƙa wa masanin. Amsa ta fito a rubuce kowa ya gani. Awa ɗaya ake yi, kuma da yake safiyarsu ce, mu nan tsakanin azahar da la'asar take faɗowa. Malaman makaranta da 'yan sakatariya kan cika ɗakin, mutum uku a kan kwamfuta ɗaya. Yawancinsu faɗa ke kawo su. Kowa yana so ya tambayi Bature me ya kai su yaƙi ƙasar Larabawa, in kuma ba a zaɓi tambayarsa ba ya ce tsoro suka ji.

Ranar da na ga an rubuta za a yi hira a kan rayuwar Musulmi a Amurka, na ce ga damar tambayar labarin Yaya ta samu. Na je gida na ce wa Inna ina son takardar nan ta kwafin fasfo da Yaya ya bari, don in rubuta komai daidai. Ta juya mini baya tana gyara wuta. Ta ce, "Ku dai ce wani yaro." Na yi magana, na sake yi, ba ta ba ni takardar ba.

Bazara ce, zafin Azare na tsakar rana. Na samu kujera ta can ƙurya, mai kafe ya ja tasa kusa da ni, don na riga na faɗa masa damuwata. Na fara rubuta tambayar kai tsaye, sai ya dafa tebur.

"Haba Malama. Haka za ki shiga wa babban mutum, ba sallama ba gaisuwa?"

Na ce masa lokaci kaɗan ne.

Ya ce, "Shekara ashirin ina rubuta koke. Ba a sa wa babba buƙata a gaba. Ki gaishe shi, ki ƙara gaishe shi, har ya ji nauyinki. Sannan ki ajiye kukanki a ƙasa, ba zai iya tsallakewa ba."

Zan so in ce shi ya cuce ni, amma ƙarya ne. Ni ma a raina haka na yarda ake yi. Haka na ga ana shiga wa hakimi, haka ake shiga wa shugabar makarantarmu. Ya riƙa faɗa da Hausa ina mayarwa Turanci. Zuwa ga mai girma shehun malami. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Da fatan kana lafiya, da iyali, da abokan aiki, da dukkan jama'ar ƙasarku. Muka gode masa da ya ba mu lokacinsa. Muka yaba iliminsa, alhali ko sunansa ba mu taɓa ji ba sai ranar. Har muka yi gardama a kan ko a gaida shugaban ƙasarsu, wani malamin lissafi ya ce shi bai yarda a gaida wannan mutumin daga Azare ba. Sai can ƙasa na rubuta cewa akwai wani bawan Allah da ya ɓace. Na danna, abin ya yi ta juyawa, ya tafi.

Abin da ba mu lura ba, akwatin layi kaɗan yake ɗauka. Duk abin da ya wuce nan yankewa yake yi.

Bayan wajen minti ashirin amsarmu ta fito. Masanin ya ce yana godiya ga malamar makaranta daga Najeriya bisa wannan gaisuwa mai daɗi, iyalinsa suna lafiya ƙalau, kuma irin wannan zumunci shi ne amfanin hirar. Shi ke nan. Ɗakin ya ɗauki dariya. Malamin lissafin nan ya ce, "To Malama, kin dai ji iyali suna lafiya." Ba su san abin da ke ƙasan gaisuwar ba, ban kuma ga laifinsu ba, amma da ina da iko da na kife masa kwamfutar a ka. Na sake rubutawa a gurguje. Kafin ta gama juyawa mai tacewa ya rubuta cewa lokaci ya ƙare, an gode wa kowa.

Daga kafe gidanmu na wuce, ban ko cire mayafi ba. Inna na zaune a tabarma tana jan carbi, Amarya na wanke-wanke. Duk haushin kaina da na mai kafe a kan Inna na sauke shi. Na ce mata ɗanta ne, ba ɗan maƙwabta ba. Na ce kunyar nan tata ba ta ciyar da kowa ba, ba ta nemo kowa ba. Na ce in ya mutu a can, ya mutu bai taɓa jin uwarsa ta kira shi ba. Allah ya yafe mini, har da nuna ta da yatsa. Amarya ta tsaya da kwano a hannu.

Inna ta bari na yi shiru don kaina, sannan ta ce, "Kin gama? Tafi gidan mijinki, la'asar ta yi."

Wata uku muna gaisawa sama-sama. Damina ta sauka, gero ya yi tsawo, ya fara fitar da kai. Kowa a gidan yana kallon geron nan ne da lissafin ranar da dattijon Bulkachuwa zai dawo. Sai allon mai kafe ya nuna za a kawo lauya masanin dokokin shige da fice. Na faɗa a tsakar gida, ba da kowa nake ba. Washegari Amarya ta zo har makaranta ta same ni. Ta ce, "Inna ta ce ranar ki biyo ta nan, da ita za ki."

Ban yarda ba sai da na gan ta a shirye. Ta ƙi hawa acaɓa, ta ce ba ta hawa bayan ɗan kowa. Da ƙafa muka tafi, da ciwon gwiwarta, muna tsallake kwatami da ruwan da ya kwanta. Amarya aka bari da gida. A ƙofar kafe Inna ta tuɓe takalmanta kamar mai shiga gaban sarki, mai kafe ya ce ta bar su, ta ƙi. Mazan da ke ciki suka gaishe ta suka matsa, surutun ya mutu. Aka ba ta kujerar roba kusa da ni. Ta daɗe tana kallon gilashin kwamfutar, sannan ta tambaye ni a hankali ko yana ganinmu. Na ce a'a, rubutu kawai yake gani.

Ta zaro wata leda daga ƙarƙashin mayafi, ta warware, kwafin fasfon ne. Na miƙa hannu in karɓa, ai sunan yayana ba sai an faɗa mini ba, ranar haihuwa kawai nake so in duba. Ba ta sake mini takardar ba. Ta ce, "Rubuta." Sai ta faɗi sunansa. Cikakke, da na Baba a haɗe, a gaban maza goma sha wani abu, da murya sarai ba rawa. Ta sake faɗa karo na biyu don kada in yi kuskure. Ta ce, "Ki ce uwarsa ce ke tambaya. Ki ce ni na haife shi, shi ne na fari. Ki ce ko yana raye ko ba ya raye, a faɗa mini."

Shekarata talatin da biyu a lokacin, ranar na fara jin sunan nan a bakinta. Mai kafe ya sunkuyar da kai, bai ce a gaida kowa ba. Na rubuta layi huɗu, na ƙirga haruffan, na aika.

Muka zauna jira. Tambayoyin wasu ƙasashe suna ta fitowa, mai neman bizar karatu, mai son kai matarsa, mai tambayar ko gaskiya ne ana cacar biza. Duk layin da ya fito sai Inna ta dube ni, in girgiza kai. Hadari ya haɗo ta gabas, mai kafe yana ta leƙa sama, don in ruwa ya sauko faranti ba ya kamawa. Ina ta roƙon Allah ya riƙe ruwan. Ya kuwa riƙe shi.

Saura minti kaɗan a tashi tambayarmu ta fito. Abin da na fara gani shi ne babu sunan. Mai tacewa ya cire shi, ya sa ɗigo-ɗigo a wurin, ya cire ranar haihuwar ma, da ɗan bayani cewa ba a sa sunayen mutane a wannan dandali. Sunan da tsohuwar nan ta yi shekara kusan arba'in tana riƙe da shi a ciki, ta tako da ƙafa ta zo ta fitar, ko idon lauyan bai kai ba.

Amsarsa ba ta da tsawo, kuma ba zan ce da wulaƙanci ya yi ta ba. Ya ce yana jajanta wa wannan uwa. Ya ce ba ya iya magana a kan mutum guda, ba shi kuma da hanyar neman kowa. Ya ce marasa takardu sukan ɓace wa danginsu ta hanyoyi da yawa: wani yana tsare, wani ciwo ne, wani ya mutu ba a san wa za a faɗa wa ba, wani kuma shi ya zaɓi ya yi shiru. Ya ce mu nemi lauya a can, ko mu rubuta wa wasu ofisoshi da ya ambata. Sai ya wuce tambaya ta gaba.

Inna ta ga na daɗe ina karatu. Ta ce, "Namu ne?"

Na ce namu ne.

"Me ya ce?"

Na dube ta. Ƙafafunta ba takalmi a kan siminti, taɓo ya bushe a dunduniyarta, hannunta na kan ledar nan. Wata uku da suka wuce ni na tsaya a kanta na ce kunyarta ce ta hana a same shi. Ga shi ta ajiye kunyar a gaban mutane saboda maganata. Ban iya buɗe baki na ce mata a banza ta yi ba.

Na ce, "Ya ce ya karɓi sunan. Ya ce za a duba."

Duk wanda ke ɗakin yana jin Turanci, amsar kuma tana gaban kowa. Ba wanda ya tona ni. Malamin lissafin nan ma cewa ya yi, "Allah ya bayyana shi, Hajiya." Inna ta ce amin, ta shafa fuska. Ta ce a ba ta maganar a takarda. Mai kafe ya dube ni, na kawar da kai, ya buga mata. Ta naɗe ta tare da kwafin fasfon. Da za mu fita ya ja ni gefe ya ce, "Malama, wannan kayan naki ne, ni ban ɗora miki ba." Na ce masa ba wanda ya tambaye shi.

A hanya na yi wa kaina alkawarin kwana biyu kawai zan bari ta huta, in faɗa mata. Amma a daren farko ta ci tuwo har da ƙari. Ta fara fita barka da ta'aziyya, abin da ta daina. Kuma tunda ta faɗi sunan sau ɗaya, ko da yake ba ta sake faɗa ba, sai ta fara zancensa, yadda ya yi ƙyanda yana ɗan shekara uku, yadda ba ya cin kuɓewa. Kwana biyu suka zama mako, mako ya zama wata. Na rubuta wa ofisoshin da lauyan ya ambata. Ɗaya ya amsa cewa ba su ga mai wannan suna a takardunsu ba. Wannan amsar a jakata ta tsaya.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, dattijon Bulkachuwa ya dawo kamar yadda ya ce. Wannan karon Inna ba ta tsaya bayan ƙofa ba. Ta miƙo takardar aka ba shi. Ta ce, "Malam, magana ta kai inda ya kamata. Babban lauyansu ya karɓi suna, ya ce za a duba. Ina roƙon arziki a ƙara haƙuri."

Ya juya takardar a hannunsa, ba ya karatun boko. Ya ɗago ya dube ni. "Malama, ke kika karanta. Haka ya ce?"

Amarya tana tsaye a bakin ƙofar tsakar gida da butar da ta kawo wa babanta, ina ganin gefen zanenta. Nan ne wurin da ya kamata in tsaya. Ƙaryar farko don Inna na yi ta, ita kaɗai ta shafa. Wannan ta biyun da rayuwar wata zan yi ta, kuma na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba.

Na ce, "Haka ya ce, Baba."

Ya ce to, tunda manya sun shiga maganar, shi wane ne da zai riga su. Ya sha ruwa, ya yi sallama, ya hau kekensa.

Shekara uku aka ƙara a kan wannan kalmar tawa. Duk ranar da aka rubuta hira a allon mai kafe, Inna sai ta aiko a tuna mini, don maƙwabta na faɗa mata. Dole in je, in zauna awa guda, in dawo da rahoto. Na zauna an yi bayanin yadda suke zaɓen shugaba ta hanyar wakilan jihohi. Na zauna an yi na kiɗan baƙaƙen fatarsu, da na yadda mata ke buga ƙwallo a jami'a, da na manoman masara. Lokacin da baƙin mutum ya fito takarar shugabancin ƙasarsu, kafen ya cika har waje, ana ta murna kamar ɗan unguwarmu ne, ni ina ƙurya ina jiran awa ta cika. Ba wanda ya kai ni sanin Amurka a Azare, ba kuma wanda ya kai ni tsanar jin sunanta. Sau uku na sake aika tambayar, ba a ƙara zaɓarta ba. In na koma gida Inna ta ce, "Yaya?" in ce, "Ana kan dubawa." Ta ce Allah ya yi musu albarka.

Mai kafe ya daina yi mini magana in ban da gaisuwa. Sau ɗaya kawai, yana ba ni kujera, ya ce, "Har yanzu?" Na ce har yanzu.

Amarya ta daina tsokanata, ban san ranar da ta daina ba. In na shigo sai ta ce sannu da zuwa ta kawo abinci. Ƙanwarta ta uku ta yi aure ta haihu, ta je suna Bulkachuwa ta kwana biyu ta dawo. Wani malamin asibiti daga Disina, wanda matarsa ta rasu, ya aika wa babanta cewa in an raba auren yana so. Dattijon ya ce masa akwai magana a gaban manya. Mutumin ya jira shekara guda, ya auri wata. Duk ina ji ina gani. Wani lokaci in ta rako ni zaure sai ta ce, "Malama, ba wani sabon abu?" Ba ta kallona in tana tambaya. In ce mata babu tukuna.

Inna ta rasu da hantsi, wata Talata, bayan jinyar kwana tara. Amarya ce ke riƙe da kanta. Kwana biyu kafin nan Inna ta ce mini in Bature ya aiko, a je kabarinta a faɗa, za ta ji. Na ce to.

Bayan sadakar arba'in, da baƙi suka watse, na samu Amarya a ɗakin Inna tana ninke zannuwan da za a raba. Na zauna a bakin gado. Na faɗa mata duka, tun daga ɗigo-ɗigon da aka sa a wurin sunan, har amsar ofishin da ke jakata. Na fassara mata maganar lauyan kalma bayan kalma, yadda ya kamata in yi tun ranar. Ina magana ina kuka, ina cewa tausayin Inna ne, ta dubi halin da Inna ke ciki a lokacin. Ita ba ta yi kuka ba. Ta gama ninke zanen da ke hannunta, ta ɗora a kan sauran.

Ta ce, "Ranar da babana ya tambaye ki, kin riga kin sani?"

Na ce na sani.

Ta gyara zannuwan da ke gabanta. Sannan ta ce, "Da ni kaɗai kika faɗa wa, Malama. Wallahi da ba zan faɗa wa Inna ba. Ƙila ma da na zauna da ita har yau ɗin nan, ba don auren ba. Amma da ni na zaɓa."

Na ce ta yafe mini. Ta ce Allah ya yafe mana duka, ta ɗauki wani zanen.

Mako biyu bayan nan babanta ya kai maganar gaban alƙali. Aka nemi wanda zai yi shaida daga dangin miji, ni na je, na faɗi abin da takardar ta ce a gaban dattijon da na yi wa ƙarya. Bai dube ni ba har aka tashi. Aka raba auren a zama ɗaya. Ranar da aka zo kwashe kayanta a akori-kura na tsaya a zaure ina taya ɗauka, ta karɓi kular abincin da ke hannuna ta miƙa wa direba da kanta. Shekararta goma a gidanmu, wata biyar daga ciki da miji. Labarin Yaya har yau ba mu ji ba. Ita kuma ta yi aure daga baya a wani ƙauye bayan Bulkachuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba. Na je mata sau biyu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, ta zauna daga nesa har na tashi.